Don Allah a bar yaron nan ya karanta littafinsa

Rubutun nan da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Kwana huɗu ina haɗiye maganar nan, yau dai ta ƙi haɗiyuwa.

Duk wanda ke guruf ɗinmu na WhatsApp, na ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, ya ga abin da ya faru ranar Lahadi. Ga waɗanda ba sa ciki: wani ƙanenmu ɗan aji ɗaya, wanda bai cika wata biyar da zuwa ba, ya bar littafi a kan katifarsa ya tafi ɗebo ruwa. Abokin ɗakinsa ya buɗe, ya faɗa kan shafin da wata mata ke jera karta tana gaya wa kyaftin ɗin wani jirgi abin da ke gabansa. Bai karanta shafin baya ba, bai karanta na gaba ba. Ya ɗauki hoto ya watsa a guruf, ya rubuta a ƙasa wai a yi hattara, an fara shigo mana da littattafan duba da tsafi. Kafin la'asar saƙonni sun yi ta zuba kamar ruwan Agusta. Wani ya ce ai dama yaron ba ya son shiga mutane. Wani ya ce a bincika ko ƙungiyar asiri ya shiga. Kun san nauyin wannan kalma a makarantun nan, kun san abin da take iya jawo wa mutum. Wani babba a cikinmu ya je ya karɓe littafin, har yanzu yana hannunsa. Yaron ya fice daga guruf, kuma yau kwana uku ban gan shi a inda muke haɗuwa cin abinci ba.

To littafin nawa ne. Ni na ba shi aro. Wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi na saye shi tun ina aji biyu. In akwai boka a maganar nan ni ne, sai a zo gare ni a ƙyale yaro.

Sunan littafin Nova, wani baƙar fatar Amurka mai suna Samuel R. Delany ya rubuta shi, ya fito a 1968. Ƙagaggen labarin kimiyya ne, irin wanda ake tsara shi a sararin samaniya, shekara dubu da ɗoriya nan gaba. Kyaftin Lorq Von Ray, wanda mahaifiyarsa 'yar asalin Senegal ce, yana son ya kutsa da jirginsa cikin tauraro daidai lokacin da yake fashewa, don ya kwaso tan bakwai na wani ma'adini mai suna Illyrion, wanda shi ne man da duniyoyin wancan zamani ke tafiya da shi. Wanda ya samu wannan kaya ya karya gidan attajiran da suka danne kowa. Wato dai rigimar arzikin ƙasa ce, wa ke haƙowa, wa ke ci, wa ke mutuwa a rami. Ɗan Najeriya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Delany da kansa ya ba da labarin cewa editan mujallar Analog, John W. Campbell, ya ƙi buga labarin saboda a ganinsa masu karatunsa ba su shirya karɓar jarumi baƙar fata ba. Bayan shekara hamsin da wani abu, mu kuma baƙaƙen mun karɓe shi daga hannun yaro saboda shafi ɗaya. Kai jama'a.

Bari mu zo kan kartar, tunda ita ce laifin. Sunanta Tarot. Ganye 78 ce, 22 masu manyan hotuna, 56 kuma kusan irin kartar da kowa ya sani. A arewacin Italiya aka fara yin ta a ƙarni na 15, kuma don wasa aka yi ta, kamar yadda muke buga Whot a ɗaki in an ɗauke wuta. Har yau akwai masu buga ta a Faransa a matsayin wasa kawai. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 18 wasu Faransawa suka laƙa mata duba. A 1781 wani mai suna Court de Gébelin ya rubuta cewa wai asirin tsohuwar Masar ne ke ɓoye a cikinta, ba tare da wata hujja ba, mutane kuma suka hau kai. Wadda aka fi gani yanzu a TikTok da finafinai a Landan aka buga ta a 1909, wata mai zane Pamela Colman Smith ta zana hotunan. Takarda ce da tawada, mutane suka yi ta, an san lokacin, an san wurin. Ba ta san gobe ba, ba ta ma san wanda ke riƙe da ita ba.

Me Delany ya yi da ita? Ya juya duniya ne. A zamanin labarin, masu ilimi da masu kuɗi duk sun yarda da kartar, har suna kawo mata hujjoji da manyan kalmomi. Wanda bai yarda ba shi ne Mouse, talakan yaro makaɗi da ya taso yana yawo ba makaranta, kuma shi ake yi wa kallon jahili saboda ya ƙi yarda. Marubucin tambayar ka yake yi: abin da manyan zamaninka suka haɗu a kai, gaskiya ne don gaskiya ne, ko kuwa don su ne manya? Wanda ya karanta littafin har ƙarshe da shakkar camfi zai fito. Amma ina, an ɗauki hoton shafi ɗaya an yanke hukunci. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kada wani ya juya mini magana. Zuwa wurin mai duba, ko da ƙasa yake yi, ko da wuri, ko da karta, ko ta waya, abu ne da addininmu ya hana, kuma ni ma ban yarda da shi ba ko ta fuskar hankali. Wanda ya ga ɗan'uwansa zai faɗa ciki ya ja shi gefe ya yi masa nasiha, ya kyauta. Amma karanta labarin da wani ya yi duba a ciki daban, zuwa a duba maka daban. In ba haka ba, to sai mu tattara Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce da Iliya Ɗan Maiƙarfi mu kai wa babban namu ya ajiye, don cike suke da aljanu da bokaye da tsuntsaye masu magana, kuma a aji aka koya mana su, har jarrabawa muka rubuta. Sai mu daina kallon finafinan Kannywood da ake nuna boka da jan ƙyalle yana ƙyaƙyata dariya. Wa ya taɓa cewa wanda ya karanta labarin ɓarawo ya yi sata?

Kuma tunda an taɓo duba, mu faɗa wa juna gaskiya mana. Su wa ke tura hoton "taurarinku na wannan mako" a sitatus, wai ni Leo ce shi ya sa nake da zuciya? Su wa ke biyan kuɗi a Telegram a ba su sakamakon ƙwallon da ba a buga ba, su zuba kuɗin makaranta a caca? Su wa ke aika wa wani a gida ya "duba" musu ko za su haye kwas ɗin da suka ƙi shiga lakcarsa tun farkon semista? Duk a cikinmu suke, wasunsu ma sun yi sharhi ranar Lahadi da manyan baƙaƙe. Wannan shi ne duban gaske, da kuɗin gaske, da imanin gaske a kansa. Ba wanda ya ɗauki hotonsu. Laifi tudu ne.

Na ga kuma wanda ya ce ai ba kartar kaɗai ba, littattafan da nake rabawa akwai masu karanta zuciyar mutane a ciki, wannan kuma da'awar sanin gaibu ce. Ɗan'uwa, zauna ka ji. Turawa sun daɗe suna gwada wannan abu. A shekarun 1930 wani malami a Jami'ar Duke ta Amurka, J. B. Rhine, ya yi ta gwaji da kati 25 masu alamomi biyar, wani ya kalli kati wani ya faɗi abin da ya gani daga nesa. Da wasu suka maimaita gwajin da tsauraran sharuɗɗa, abin bai tsaya ba. Gwamnatin Amurka ma ta kashe kuɗi shekara da shekaru tana neman masu gani daga nesa don leƙen asiri, a 1995 ta rufe shirin saboda bai tsinana komai ba. Marubutan da nake magana a kansu ba wa'azin cewa abin gaskiya ne suke yi ba. "Da a ce" suke yi. Da a ce ana jin abin da ke zuciyarka, yaya zaman duniya zai kasance?

Alfred Bester ya yi wannan tambaya a The Demolished Man, littafin da ya fara cin kyautar Hugo a 1953. Attajiri ne ke son ya yi kisa a duniyar da 'yan sanda ke jin tunanin mutum, sai ya cusa wa kansa wata 'yar waƙa mai naci tana ta juyawa a ƙwaƙwalwarsa don ta rufe abin da yake ƙullawa. Namu na gida ma ya yi. Tade Thompson, Bayarabe likitan ƙwaƙwalwa da ke Ingila, ya rubuta Rosewater, labarin da ke faruwa a Najeriya a 2066, ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019. Jarumin, Kaaro, yana jin tunanin mutane saboda wasu ƙananan halittu da suka zo daga wata duniya suka cika iska. Ka san aikin da aka ba shi? Banki ya ɗauke shi da irinsa su zauna suna karanta littattafai don su toshe masu satar lambobin sirri daga kan kwastomomi, hukumar leƙen asiri kuma tana amfani da shi wurin tatsar bayanai daga waɗanda aka kama. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Littattafan nan tambaya suke yi, ranar da cikin ya zama a buɗe, wa zai fara leƙawa, gwamnati ko banki? Kai da wayarka ta san inda ka kwana da abin da ka nema ƙarfe biyun dare, kana ganin tambayar ba ta shafe ka ba? Ranar Lahadi ma ai abin da aka yi ke nan a ƙaramin mataki: an leƙa abin da yaro ke yi shi kaɗai, an baza a kasuwa.

Amma duk wannan ba shi ne dalilin da ya sa na ba shi littafin ba, kuma nan ne abin ya fi yi mini ciwo.

Na ba shi ne don na ga kaina a jikinsa. Na tuna daren da na hau doguwar mota daga gida, muka kwana muna tafiya, gari ya waye mini a inda ba na jin yaren kowa, ruwan sama ba ya ɗaukewa, miya duk manja, ana kirana "aboki" da wata irin murya da na kasa gane wasa ce ko raini. A aji a tambaye ka ko gidanku akwai shanu, ko ka taɓa ganin ɗan Boko Haram. Ka kira gida ka ce lafiya lau, ka kashe waya ka juya fuska bango. A wannan shekarar littattafan nan suka riƙe ni, don mafi yawansu labari ɗaya suke bayarwa: yaro ya bar gida ya tafi inda ba a san shi ba, dole ya zama mutum a can.

Ɗauki Binti na Nnedi Okorafor, wanda ya fito a 2015 ya ci Hugo da Nebula. Yarinya ce 'yar shekara 16 daga ƙabilar Himba ta Namibiya, ta samu gurbi a babbar jami'ar da ke wata duniya, ta sulale da dare ba ta gaya wa iyayenta ba don ta san ba za su bari ba. Tun a tashar jirgi mutane ke taɓa gashinta suna yatsina fuska saboda jar ƙasar da mutanenta ke shafawa. Wannan ƙasar da ake yi mata dariya a kanta ita ce ta zo ta yi mata rana. Ku tambayi 'yan'uwanmu mata da ke shiga ɗakin gwaje-gwaje da hijabi a nan, ku ji ko suna bukatar a fassara musu wannan labari.

Ɗauki Time for the Stars na Robert Heinlein, 1956. Tagwaye ne, Tom da Pat, suna iya magana da juna ta zuci. Aka ɗauki Tom a jirgin da ke gudu kusa da gudun haske, aka bar Pat a duniya, su ne wayar da ke haɗa jirgin da gida. To ka'idar Einstein ta ce mai irin wannan gudu lokaci yana tafiya masa a hankali, kuma wannan ba tatsuniya ba ce, agogunan taurarin GPS da wayarka ke amfani da su sai an yi musu gyara saboda ita. Tom yana nan saurayi, Pat ya yi aure, ya haihu, ya yi jikoki. Muryar da ke tsakaninsu ta yi ta dushewa har sai ta hanyar 'ya'ya da jikokin Pat yake samun gida. Da ya dawo ya tarar da ɗan'uwansa tsoho tukuf. Wallahi duk hutun da na je gida sai na tuna littafin nan. Abokin da muka tashi tare yana da shago da mata da 'ya'ya biyu, ni ina nan da jaka a baya, yajin aiki ya ci mini shekara. Mu zauna a dakali ɗaya, mu gaisa, mu yi dariyar da, sai shiru. Ba faɗa muka yi ba, agogonmu ne ya bambanta. Ba wani littafin kwas da ya taɓa gaya mini cewa wani ya san wannan ciwo.

Ɗauki Rite of Passage na Alexei Panshin, 1968, shi ma ya ci Nebula. Mutane na zaune a wani ƙaton jirgi, duk yaron da ya kai shekara 14 sai a sauke shi a wata duniya ya yi kwana 30 shi kaɗai. In ya rayu ya zama babba, in bai rayu ba shi ke nan. Yarinyar labarin, Mia, an raine ta a kan cewa mutanen da ke zaune a waɗancan duniyoyi ƙazamai ne jahilai. Ta sauka, wasu suka cuce ta, wani tsoho a cikinsu kuma ya taimake ta. Da ta dawo, mutanen jirginta suka kaɗa ƙuri'a a hallaka duniyar gaba ɗaya, mahaifinta na kan gaba, ita kuma ta ƙi goyon bayansa. Girman da ta yi shi ne ta daina yi wa jama'a guda hukunci da laifin wasunsu. Mu da ake yi wa kuɗin goro kullum a garin nan, mu kuma muke yi wa masu garin in mun koma ɗaki, akwai darasin da ya fi wannan dacewa da mu?

Sai masu cewa to ko ba haramun ba ne ɓata lokaci ne, yaro ya karanta handawut. Malam, yaron nan injiniya yake karanta. Wanda zai ƙera abin da babu dole ya iya hango abin da babu. Kuma Turancin da muke kuka da shi, wanda ke kayar da mu a rubuta rahoto da kare furojet, ba a handawut mai shafi goma ake samunsa ba, a irin waɗannan littattafai ake tsintarsa ba tare da an sani ba. Awa nawa muke kashewa a TikTok da musun Arsenal da Chelsea? Ban ga an karɓe wayar kowa ba.

Masu cewa al'adar Turawa ce kuma, ku je ku nemi Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Da Hausa aka rubuta shi, ya fito a 1969, shekarar da aka sauka a kan wata, labarin yaro ne da aka ɗauka aka yi yawo da shi a sararin samaniya. Iyayenmu sun karanta shi, ba wanda ya ce sun shiga ƙungiyar asiri. Abin kunyar ma shi ne bayan fiye da shekara hamsin ba mu da irinsa da yawa. Wataƙila wanda zai rubuta mana na gaba shi ne wannan da muka kora daga guruf.

Zan yarda da abu ɗaya, don adalci. Ba kowane littafi a wannan fanni zan miƙa wa ƙanena ba. Akwai masu batsa a ciki, Rosewater ma yana da wuraren da ba na yara ba ne. Akwai na Piers Anthony guda uku da ya gina kacokan a kan Tarot, suna wasa da addinai ta hanyar da ni kaina ban ji daɗi ba, ban kuma ba kowa aronsu ba. Tacewa aikin babba ne. Amma mai tacewa sai ya karanta tukuna. Babban da ya isa, kiran yaro yake yi ya ce me kake karantawa, ba ni labari, me ka fahimta. In ya ga gyara ya gyara a tsakaninsu. Wanda bai karanta ba, bai tambaya ba, ya tara wa yaro jama'a, wannan ba tarbiyya ya yi ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wannan da bai zama ba.

Ku tuna mu 'yan kaɗan ne a nan. Yaron da ya baro iyayensa ya yi tafiyar kwana guda a mota, mu ne danginsa. In mun kore shi, wurin wa zai je? Masu ƙungiyar asirin da kuke tsoro ai irin wannan suke jira, yaron da nasa suka watsar.

Abin da nake nema uku ne. Wanda ya watsa hoton ya koma guruf ɗin da ya watsa shi ya ba da haƙuri, a fili kamar yadda ya yi a fili. Yaya, kai da littafin ke hannunka, girmanka ne, ka mayar wa yaron, ko kuma ka karanta shi tukuna ka mayar, na ba ka mako biyu, in ka gama mu zauna mu yi musu a kai, shayin a wuyana. Admin kuma a mayar da shi guruf, in ya yarda ya dawo.

Ƙanena, na san kana ganin rubutun nan. Ba ka yi laifin komai ba. Ka fito cin abinci yau. Ka tsaya a babi na nawa ne ma? Kada ka bari a gaya maka ƙarshen, akwai abin da zai faru da kyaftin a cikin tauraron nan da gara ka gani da idonka.

Mai ja kuma ga wurin sharhi nan, bismillah. Sharaɗi ɗaya ne: ka faɗi littafin da ka karanta a cikinsu kafin ka fara.